Kare da Ɗan Adam: Tarihin Zaman Tare da Rashin Fahimta



A garuruwanmu na Adar, daga Garhanga zuwa Keita, daga Buza zuwa Madawa, da wuya ka kwana a gari ba ka ji haushin kare ba. Mafarauci yana da nasa. Makiyayi yana da nasa. Mai garka ma yakan ɗaure ɗaya a bakin shinge. Kullum muna ganin kare, har muna cewa mun san zuciyarsa. Mukan ce: wannan kare ya ji kunya. Wancan yana dariya. Wannan ya riƙe ni a zuci. Wancan ya ci amanar ubangidansa.

To, shin haka abin yake? Masana sun yi shekara fiye da 150 suna bin wannan tambaya. Kuma ba tambayar wasa ba ce. Wanda bai fahimci kare ba yakan sha cizo, cizon kare kuwa yakan kai mutum kabari. Saboda haka bari mu bi tarihin tun daga tushe.

Inda kare ya fito

Kare shi ne dabba ta farko da mutum ya fara kiwo. Ya riga akuya, ya riga saniya, ya riga jaki da raƙumi. Kakansa wata dabbar daji ce ta ƙasashen sanyi, wadda ake fassara sunanta da kyarkeci. Dangi ɗaya suke da dilan da muke gani a kan duwatsunmu.

A shekarar 1914, masu fasa dutse a Obakasel, kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, suka tono wani tsohon kabari. A ciki akwai ƙasusuwan namiji da mace, da na ɗan kare. Masana sun auna, sun ce kabarin ya kai shekara 14,000. Daga baya suka duba haƙoran karen, suka ga ya yi ciwo mai tsanani tun yana ɗan kwikwiyo. Da ba a yi jinyarsa ba, da bai kai wata 7 da ya yi a duniya ba. Ka ga tun wannan zamani mutum yana tausayin kare.

A Afirka, tsofaffin ƙasusuwan kare an same su ne a Masar, masu shekara 6,000 zuwa 7,000. A duwatsun Tasili, cikin hamadar Aljeriya, mutanen dā sun zana karnuka suna bin namun daji tare da mafarauta. Wani sarkin Masar mai suna Intef na 2, wajen shekara 4,000 da suka wuce, ya sa aka sassaƙa karnukansa a jikin dutse, kowane da sunansa. Sunan ɗaya Abaƙer. Waɗansu masana suna ganin wannan suna ɗan'uwan wata kalma ce ta Abzinawa mai nufin karen farauta.

Kare a ƙasarmu

A nan ƙasar Hausa, aikin kare uku ne tun kaka da kakanni: farauta, tsaron dabbobi, da tsaron gida ko gona. Malamai ma sun yarda a ajiye kare domin farauta da kiwo da noma. Idan rani ya yi, an gama aikin gona, samari sukan fita farauta da kere da gora da karnuka. Shi ya sa Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Amma a tatsuniyoyinmu kare yana magana kamar mutum. Yana yi wa kura wayo, yana ƙulla dabara, yana ramuwa. Tun muna yara muke jin haka. Da muka girma, sai muka ci gaba da kallon karen gida da idon tatsuniya.

Ba mu kaɗai ke yin haka ba. Arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, akwai ƙasar Azawak. A can Abzinawa suke kiwon wani dogon kare siriri mai gudun tsiya, suna kiransa oska. Wajen shekarar 1970 aka fara kai irinsa Turai, ƙasar Yugoslabiya ta lokacin, sa'an nan Faransa. Turawa suka ba shi sunan ƙasarsa, Azawak. A 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin littafinta. Waɗansu Turawan da suka saye shi sukan ce yana da girman kai, domin ba ya son baƙo ya taɓa shi. Alhali kowane makiyayi ya san dalili. Kare ne da aka daɗe ana kiwonsa domin tsaron zango. Rashin sakin jiki da baƙo shi ne aikinsa, kuma gadonsa ne.

Masana sun fara bincike

A shekarar 1872, wani masani ɗan Ingila mai suna Carles Darwin ya wallafa littafi a kan yadda mutum da dabba suke nuna abin da ke ransu. Ya lura da kare sosai. Ya ce idan kare ya hango wanda yake zaton maƙiyi ne, sai jikinsa ya sandare, wutsiya ta miƙe sama, gashin baya ya tashi. Idan ya gane ubangidansa ne, nan take jiki ya yi laushi, kunnuwa su kwanta, wutsiya ta sauka tana kaɗawa. Wannan bayani har yau daidai ne.

Amma Darwin yana ganin kare yana da wani abu mai kama da sanin laifi. Abokinsa Romanes ya tattara labaran da mutane suke bayarwa na wayon dabbobinsu, ya buga su a 1882. Matsalar ita ce, kowa yana yabon karensa, ba wanda ya gwada labarin.

Sai wani malami na birnin Biristol, Loid Mogan, ya ce a dakata. Yana da kare mai suna Toni. Wannan kare ya iya buɗe ƙyauren gida: sai ya sa kansa ƙarƙashin sakata, ya ɗaga, ƙyaure ya buɗe, ya fita. Mai wucewa ya gani sai ya ce, lalle karen nan ya san aikin sakata kamar maƙeri. Amma Mogan ya ga farkon abin. Toni yakan zura kansa tsakanin sandunan ƙyaure don ya leƙa hanya. Wata rana kansa ya faɗa ƙarƙashin sakatar, ta ɗaga ba da niyyarsa ba. Bayan haka ya yi ta zura kai nan da can, wani lokaci ya dace, wani lokaci bai dace ba. Sai da aka yi kusan mako 3 kafin ya riƙa zuwa wurin kai tsaye. A 1894 Mogan ya kafa wata ƙa'ida: idan ƙaramin dalili ya isa ya bayyana abin da dabba ta yi, kada a nemo mata babba.

A ƙasar Rasha kuma akwai Iban Pablof, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci. Ya lura karnukansa suna fara dalalar da miyau tun ba su ga abinci ba, da zarar sun ji motsin mai kawo shi. Sai ya riƙa yin wata ƙara kafin a ba su abinci. Bayan an maimaita sau da yawa, ƙarar kaɗai ta isa ta sa miyau ya zubo. Wannan shi ne sabo. Kare yana haɗa abu biyu da suke zuwa tare, ko a jere kusa da kusa.

Daga nan masana suka raba halin kare gida biyu. Akwai halin gado, wanda aka haife shi da shi: bin abin da ke gudu, binne ƙashi, tsare abinci, zagayawa kafin ya kwanta. Akwai kuma sabo, wanda ya koya a zaman duniya.

Karen da ya jira shekara kusan 10

A birnin Tokiyo na ƙasar Japan, wani malamin ilimin noma mai suna Uweno yana da kare, Haciko. Kullum da yamma karen yakan je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya tarbi ubangidansa. A watan Mayu na 1925 malamin ya rasu a wurin aiki. Amma karen bai daina zuwa tasha ba, har ya mutu a watan Maris na 1935. Jarida ta ba da labarinsa a 1932, aka kafa masa mutum-mutumi a 1934, aka riƙa koya wa yara cewa ga misalin riƙon amana.

Da ya mutu aka buɗe cikinsa, sai aka sami tsinken tsire. Masu sayar da nama a tashar suna ba shi abinci. Waɗansu suka ce, ashe ciki ne ke kai shi. Waɗansu suka ce a'a, soyayya ce. Mai hankali zai ga abu uku sun haɗu. Ya shaƙu da mutumin, ya saba da wurin da lokacin, kuma yana samun abinci a can. Abin da ba wanda zai iya cewa shi ne, wai Haciko ya ɗauki alkawari a ransa kamar yadda mutum yake ɗauka.

Shin kare yana jin kunya?

Ka dawo daga kasuwa, ka tarar kare ya ci naman da aka shanya, ko ya kashe ɗan tsako. Ka daka masa tsawa. Sai ya sunkuyar da kai, ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kau da ido. Sai ka ce, ya san laifinsa.

A 2009 wata malama a birnin Niyok na Amurka, Alekzandara Horowits, ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare zai ajiye ɗan abinci, ya hana karen ci, ya fita daga ɗaki. Wani lokaci karen ya ci, wani lokaci malamar ta ɗauke abincin bai ci ba. Idan mai karen ya dawo, wani lokaci a faɗa masa gaskiya, wani lokaci a faɗa masa akasin abin da ya faru. Ga abin da aka gani: karnuka suna sunkuyar da kai ne idan an yi musu faɗa, ko sun ci ko ba su ci ba. Har ma waɗanda ba su ci ba, aka yi musu faɗa a banza, su suka fi nuna wannan fuska.

Ashe abin da muke kira kunya, tsoro ne da neman sauƙi. Haka ƙaramin kare yake yi gaban babba don kada a cije shi. Ya karanta fushinka a muryarka da tsayuwarka. Idan ka doke shi da yamma saboda abin da ya yi da safe, ba zai haɗa biyun ba. Abin da zai koya shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Karen da ke tsoron hannu kuwa, wata rana zai ciji hannun yaro.

A 2019 waɗansu masana suka gano wani abu kuma. Kare yana da wata ƙaramar tsoka da ke ɗaga girarsa, idonsa ya yi kama da na mai neman taimako. Kakansa na daji kusan ba shi da ita. Suna ganin mutanen dā sun fi ciyar da karnuka masu irin wannan ido, sai irinsu ya yaɗu. Wato fuskar da ke ba mu tausayi, a zaman tare da mu ta samu.

Kada ka ce kare ba ya jin komai. Masana sun yarda yana jin tsoro, yana jin zafi, yana jin daɗi, yana shaƙuwa da mai shi. Saboda haka zaluntarsa laifi ne. Abin da ba a tabbatar ba shi ne kunya, da nadama, da ƙulla ramuwa, da cin amana.

Yadda za ka karanta kare

Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. Tana nuna ran kare ya motsa. Idan jiki ya saki, wutsiya tana lilo har da ƙugu, lafiya lau. Idan jiki ya sandare, wutsiya ta miƙe tana rawa kaɗan-kaɗan, ja da baya.

Yage baki ba dariya ba ce. A Ingila an nuna wa yara hotunan karnuka masu fushi da haƙora waje. Fiye da rabin masu shekara 4 suka ce karen murmushi yake yi. Ƴaƴanmu ma haka suke gani, sai an koya musu.

Lasar baki da fuska gado ce. A daji, ƴan kwikwiyo sukan lashi bakin manya don a amayo musu abinci. Kada a bar kare ya lashi fuskar yaro ko wurin da ke da miki.

Bin mai gudu gado ne na farauta. Yaron da ya ruga, ya zama kamar zomo a idon kare. A koya wa yara su tsaya cik, su haɗe hannuwa a jiki, kada su zuba masa ido.

Gurnani gargaɗi ne. Karen da ke cin abinci, da karya mai ƴaƴa, da karen da ke barci, da wanda aka ɗaure, da wanda ya ji rauni, duk a bar su. Haushin dare kuma, sau da yawa ya ji abin da ba ka ji ba ne. Kunnensa yana kama ƙarar da ta fi ƙarfin namu, hancinsa kuwa ya ninka namu nesa ba kusa ba.

Kuskure mafi tsada: haukan kare

Ga inda rashin fahimta yake kisa. Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce da ke cikin miyau. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar miki, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Cikin 100 da suka kamu, har 99 daga kare ne. Cikin 10 kuwa, 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Amma ciwon yana da wata fuska. Da farko hali ne ke canzawa. Kare mai faɗa yakan yi sanyi, ya riƙa matsowa yana lasar mutane. Sai a ce, yau ya yi hankali. Kare mai wasa yakan ɓuya a lungu. Sai a ce, fushi yake yi da mu. Wani kuma muƙamuƙinsa ne ke saki, baki a buɗe, miyau na zuba, ba ya iya haɗiya. Sai mai shi ya ji tausayi, ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin. Duk waɗannan alamun ciwo ne.

A dā, wanda ciwon ya kama ba shi da mafita. Ranar 6 ga Yuli, 1885, aka kawo wa Luwi Pastor a birnin Pari wani yaro ɗan shekara 9, Yusufu Maista, wanda mahaukacin kare ya ciza wuri 14. Pastor ya sa aka yi masa allura 13 cikin kwana 11. Yaron bai kamu ba, ya rayu har 1940. Pastor ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895. Shi ya sa tun 2007 ake ware wannan rana kowace shekara domin yaƙi da haukan kare.

Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada wani abu. A 2012 da 2013 aka yi wa karnukan birnin Injamena allurar rigakafi kyauta, wajen 20,000 kowace shekara, wato 7 cikin kowane 10. Ciwon ya ɓace a birnin har tsawon watanni. Daga baya karnukan da aka shigo da su daga waje suka maido shi. Darasin shi ne, rigakafin karnuka yana aiki, amma sai gari da ƙauye sun yi tare, kuma a maimaita.

Abin da ya kamata ka yi

Idan kare ya ciji wani, ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗari ƙwarai. Kada a cusa gari ko toka ko gashin kare a cikin mikin, ba sa kashe ƙwayar.

A tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Idan babu allurar a nan, a tambayi inda take, a je. Kada a jira a ga alama. Ciwon yakan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Idan alama ta fito, kamar tsoron shan ruwa, magani ya ƙare. Idan an fara allura, a cika ta duka.

Karen da ya yi cizo, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikatan kiwo. Kada mai cizon ya zauna jiran kare, shi dai ya fara allura. In karen ya mutu, kada a taɓa gawarsa da hannu. Dabbar gida da mahaukacin kare ya ciza, ita ma a kai maganarta wurin ma'aikatan kiwo.

In kana da kare, ka nemi a yi masa allurar rigakafi, ka ba shi abinci da ruwa don kada ya yi yawo. In za ka hore shi, ka hana shi a daidai lokacin da yake yin abin, ka saka masa da ɗan abinci idan ya yi daidai.

Mai karatu, kare ya yi shekara dubbai yana lura da mu. Ya san muryar fushi, ya san ta wasa. Saura mu mu koyi tasa. Ka karanta wa mutanen gidanka wannan bayani, musamman mata da yara, domin yara ne suka fi shan cizo. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.